Ba Tsadar Manhaja Ke Gyara Rahoto Ba

Har yanzu raina a ɓace yake game da abin da ya faru a zaman kwamitinmu na jiya, kuma waɗanda suka halarta sun san abin da nake nufi, don haka ba zan tsaya maimaita wanda ya ce kaza da wanda ya mayar masa da kaza ba. An muzanta sakatariyarmu a bainar jama'a saboda jadawali guda ɗaya ya zame daga shafi na uku zuwa na huɗu a cikin rahoton da ta kwana biyu tana haɗawa. Nan take aka yanke hukunci cewa laifin na LibreOffice ne, manhajar kyauta da take aiki da ita, aka kuma amince a ɗebi kuɗin ƙungiya a biya wa kowane ɗan kwamiti hayar Microsoft 365, wato tarin manhajojin ofis na kamfanin Microsoft, ta shekara guda. Wannan hukunci kuskure ne, kuma an zalunci baiwar Allah da ba ta aikata laifin komai ba.

Da aka tashi na karɓi fayil ɗin na duba da kaina. Samfurin haruffan da ta yi rubutun da shi babu shi a kwamfutar shugaba, sai Word, manhajar rubutu ta Microsoft, ya maye gurbinsa da wani mai ɗan faɗi, layuka suka ƙaru, jadawalin ya gangara. Iyakar abin da ya faru ke nan. Irin wannan yana faruwa ko tsakanin kwamfutoci biyu da dukkansu ke ɗauke da Word, musamman tun da Microsoft ya fara maye gurbin samfurin haruffa na Calibri da sabon samfuri mai suna Aptos a shekarar 2023, wanda tsofaffin bugun Office ba su zo da shi ba. Maganin bai wuce a adana rahoton a matsayin PDF kafin a tura shi ba, ko a yi amfani da samfurin Carlito wanda aka ƙera shi daidai da faɗin Calibri. Amma sai aka bar jaki ana dukan taiki, domin wani ya ɗaga murya ya ce araha ba ta ado, sauran kuma suka gyaɗa kai.

Maganata guda ɗaya ce, kuma zan yi ta nanata ta har sai an ji: farashin manhaja ba shi ne ma'aunin dacewarta da aikinka ba. Aikin da ke gabanka shi ne ma'auni. Mu wasiƙa muke rubutawa, da bayanin zaman taro, da jerin sunayen waɗanda suka biya kuɗin wata, sai kuma allunan gabatarwa sau ɗaya ko sau biyu a shekara. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfin manhajar kyauta. Wanda duk ya ce akwai, ya nuna mini shi a kan allon kwamfuta, kada ya gaya mini da baki.

Masu raina LibreOffice suna magana ne kamar wasu yara ne suka haɗa ta a daren jiya, alhali asalinta ya girmi da yawa daga cikinmu a harkar kwamfuta. Tushenta manhajar StarOffice ce ta wani kamfanin Jamus, wadda kamfanin Sun Microsystems ya saya a 1999, ya kuma buɗe lambobin ginin ta ga kowa a 2000 da sunan OpenOffice. Bayan kamfanin Oracle ya saye Sun a 2010, da yawa daga cikin masu aikin suka ware suka kafa gidauniyar The Document Foundation, suka ci gaba da sunan LibreOffice. Tsarin fayil ɗinta na ODF ya samu amincewar hukumar ƙa'idoji ta duniya, ISO, a 2006, shekara biyu kafin tsarin Microsoft ya samu irin wannan amincewa a 2008. Gwamnatin Birtaniya ta zaɓi ODF a 2014 domin musayar takardun da ake yi wa gyara, Ma'aikatar Tsaron Italiya ta fara komawa LibreOffice a 2015, sannan jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta sanar a 2024 cewa za ta mayar da kwamfutocinta kimanin 30,000 zuwa gare ta. Idan ma'aikatar tsaro ta iya tafiyar da takardunta da ita, ban ga dalilin da zai sa jerin sunayenmu ya gagare ta ba.

Na san za a kawo mini maganar birnin Munik na Jamus, cewa sun bar Microsoft sannan majalisarsu ta kaɗa ƙuri'ar komawa gare shi a 2017. Na sani, kuma hakan bai taɓa maganata ba ko kaɗan, domin birni mai dubban ma'aikata da ɗaruruwan manhajoji na musamman ba sa'an ƙaramar ƙungiya ba ne. Za a kuma ce ai kowa Word yake amfani da shi. To, LibreOffice tana buɗe fayil ɗin docx, wato irin na Word, tana kuma adana shi, kuma watanni da dama sakatariya ta yi tana turo mana takardu a haka ba wanda ya ankara, sai jiya da jadawali ya zame. Za a ce mutane sun saba. Sabo na gaskiya ne, amma wanda ya iya ƙara wa rubutu kauri a Word ba zai kwana yana neman maɓallin a Writer, manhajar rubutu ta LibreOffice, ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, wanda ya fi kowa ɗaga murya a kan mutuncin manhaja mai tsada, kwafin sata ne a kan kwamfutarsa, kuma dukkanmu muna ganin gargaɗin rashin lasisi a saman allonsa duk lokacin da ya haska mana wani abu. Yaya za a yi mai amfani da kayan sata ya tozarta wadda ta zaɓi halal? Kwafin sata shi ne mafi munin zaɓi a cikin duka, domin sau da yawa ana cusa masa mugayen manhajoji masu satar bayanai, kuma a kan irin wannan kwamfuta ake ajiye sunaye da lambobin wayar jama'ar da suka ba mu amana. Haka nan lambobin lasisin nan da ake tallatawa a intanet da arahar da hankali ba zai ɗauka ba, da yawansu ba a sayar da su ta hanyar da ta dace ba, kuma ana iya toshe su a kowane lokaci.

Ba ƙiyayya nake yi da Microsoft ba, kuma ba zan ɓoye gaskiya don in ci gardama ba. Akwai inda kuɗinsa ya halatta. Akawun da ya gina lissafinsa a kan umarnin VBA, wato ƙananan shirye-shiryen da ke yin aiki da kansu, a cikin Excel, manhajar lissafi ta Microsoft, ko kamfanin da wasiƙunsa da jadawalin tarukansa ke rataye da Outlook, manhajar imel ta Microsoft, ko mai aiki da abokan hulɗa da ke turo masa takardu masu sarƙaƙiyar tsari kullum, waɗannan su biya, kuma ba su yi asara ba. A tsakiya akwai masu sauƙin kuɗi irin su SoftMaker na Jamus da WPS Office na kamfanin Kingsoft na China, waɗanda kamanninsu ya yi kusa da na Office, ko da yake bugun WPS na kyauta yana zuwa da tallace-tallace. Akwai Google Docs ga masu son mutane da yawa su yi rubutu a takarda ɗaya a lokaci guda, muddin sun yarda takardunsu su zauna a ma'ajiyar kamfani. Kowanne yana da muhallinsa, kuma aiki ne ke nuna muhallin. A zaman jiya ba wanda ya tambayi wane aiki muke yi.

Ba wanda kuma ya tambayi abin da ake saya. Microsoft 365 haya ce, ba mallaka ba ce, kuma ranar da aka daina biya manhajar za ta bar ka ka karanta takardunka ka buga su, amma ba za ta bar ka ka gyara ko ka ƙirƙiri sabuwa ba. Ko bugun da ake saya sau ɗaya yana da wa'adi, domin an daina yi wa Office 2016 da Office 2019 gyaran tsaro a watan Oktoban 2025. Wa zai biya hayar baɗi, da ta shekarar da ke biye? Kuma tsada ba ta hana kuskure. A 2020 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta kasa shigar da sakamakon gwajin korona na mutane kusan 16,000 a kan lokaci, saboda an yi amfani da tsohon tsarin fayil na Excel wanda ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536. Manhajar mai tsada ce a hannunsu, sanin yadda ake sarrafa ta ne ya yi ƙaranci a wurin.

Ina roƙon shugaba da sauran 'yan kwamiti, da girmamawa, su dakatar da biyan kuɗin nan zuwa zama na gaba, su kuma ba sakatariya haƙuri a wurin da aka muzanta ta. Da na zauna duba fayil ɗin a kan kwamfutarta, sai na lura batirin ya mutu gaba ɗaya, da zarar wayar caji ta motsa sai ta ɗauke, kuma maɓallai biyu sun cire, da ƙyar take danna gurbinsu da farce. Ta gaya mini sau uku kwamfutar ta mutu a daren da take haɗa rahoton nan, kuma dukkan takardun ƙungiya na shekara huɗu a cikinta suke, babu kwafinsu a ko'ina.