Lilon Sin a bakin ƙofar Turai da Amurka: araha kaɗai ba za ta buɗe ta ba

Duk watan Nuwamba masu ƙera lilon zamani da masu wuraren shaƙatawa na duniya kan yi dandazo a birnin Orlando na Amurka, wajen baje kolin ƙungiyarsu ta IAAPA. A nan ake cinikin injinan da ke ɗaga mutum sama, su yi majaujawa da shi, su dire shi lafiya, tun daga dawakin roba masu zagayawa da yara har zuwa rola-kosta, wato jirgin nan da ke sheƙa gudu a kan dogon ƙarfe mai hawa da gangara da lanƙwasa. Kamfanonin ƙasar Sin sun daɗe suna neman kasuwa a irin waɗannan tarukan, kuma kayansu sun fi na Turawa sauƙin kuɗi. Duk da haka, in ka zaga manyan wuraren wasa na Amurka da Jamus da Ingila, da wuya ka ga babban jirgi ƙirar Sin. Wayar da ke aljihun mai ziyara wataƙila a Sin aka haɗa ta, haka ma 'yar tsanar da ya saya wa 'yarsa a bakin ƙofa. Jirgin da za su hau kuwa daga Suwizalan ko Jamus ko Holan ya fito.

Wasu na cewa tsabar wariya ce da kishin kasuwa. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, zan kuma dawo kanta. Amma a ganina babban abin da ya tsare Sinawa a bakin ƙofa shi ne sun zo da araha kasuwar da amana ake saye a cikinta, ita kuwa amana shekaru take ci kafin ta nuna.

Masu riƙe da kasuwar ba su da yawa, kuma tsofaffin hannu ne. Gidan Mack na garin Waldkirch a Jamus tun 1780 yake sana'a, da ƙera keken doki ya fara, kuma iyalin ne suka mallaki wurin wasa na Europa-Park da aka buɗe a 1975, inda duk mai son sayen jirginsu zai je ya gan shi yana aiki da idonsa. Intamin ya fara a 1967. Bolliger & Mabillard na Suwizalan, wanda ake yi wa kallon yaro a cikinsu, tun 1988 yake. Ga Vekoma na Holan, ga Zamperla na Italiya. Masu saye ma 'yan kaɗan ne: Disney, Universal, Merlin, sai Six Flags da Cedar Fair da suka haɗe suka zama kamfani ɗaya a watan Yulin 2024. Kasuwa ce ta sanayya, kowa ya san aikin kowa, kowa kuma ya san inda aikin wane ya taɓa ba da matsala da yadda ya gyara.

Wanda ya sayi rola-kosta ya ɗaura aure ne da maƙerinsa na shekara 30 ko 40. Kullum sai an duba birki da tayoyi da noti da ƙarfen da ke danne fasinja a kujera. Lokaci-lokaci sai an kwance jirgin gaba ɗaya an binciki walda. Ranar da wani abu ya karye, wurin wasa na asarar kuɗi a kowace sa'a, sunansa kuma yana zubewa. A ƙarshen watan Yunin 2023 wani mai ziyara ya ɗauki bidiyon tsagewa a jikin ginshiƙin jirgin Fury 325 da ke Carowinds a Amurka, ƙirar Bolliger & Mabillard. Abin kunya ne ga kamfani mai irin wannan suna, babu shakka. Sai dai an ƙera sabon ginshiƙi an kafa, an yi gwaji, jirgin ya koma aiki cikin watan Agusta. Wannan saurin kawo ɗauki shi manajan wurin wasa yake biya wa kuɗi tun ranar ciniki. A cikin makon da aka ga waccan tsagewar kuma, jirgin Jetline na Gröna Lund a birnin Stockholm ya yi hatsari, mutum ɗaya ya rasu, wasu suka jikkata. Binciken hukumar Suwidin ya gano cewa wani ƙarfe da aka sauya a ƙasan jirgin ne ya karye, domin ba a bi ƙa'ida ba wajen yin odarsa da ƙera shi da gwada shi. Jirgin ya yi shekara 35 yana aiki, kayan gyara guda ɗaya ya kawo ƙarshensa. Duk manajan da ya karanta wannan rahoto, tambayar da zai yi wa mai rumfar Sin a Orlando ita ce: a shekarar 2050, in na nemi wannan ƙarfen, wa zan kira, kuma cikin kwana nawa zai iso? Bayan shi ga kamfanin inshora da nasa tambayoyin, ga lauyoyi da ke son sanin kotun da za su kai maƙeri in wani abu ya faru.

Sinawa kuma sun jawo wa kansu wani kaso na rashin yardar. Babban kamfaninsu a wannan fanni shi ne Golden Horse na birnin Zhongshan a lardin Guangdong, wanda tarihinsa ya faro daga 1983, yanzu kuma yake amfani da sunan Jinma Rides. Shekaru da dama da kwaikwayo aka san shi da takwarorinsa. Jiragensu masu rataye da fasinja a ƙarƙashin dogo sun yi kama da na Vekoma ƙwarai, Zamperla kuwa har kotu ya kai Golden Horse a Amurka kan kwafar kayansa. Kama da wane ba ta wane. Mai kwafa yana iya auna tsawo da faɗin ƙarfe ya fitar da irinsa, amma lissafin da ya sa injiniya na farko ya lanƙwasa dogon a daidai wannan wurin, da kurakuran da ya yi kafin ya kai ga hakan, ba sa bayyana a jikin ƙarfe. Shi ya sa masu sha'awar hawa suka daɗe suna kukan jijjiga da bugun kai a jiragen kwafi na wancan zamani. Kuma a ƙaramar kasuwa irin wannan, wanda ka kwafi kayansa jiya aminin wanda kake son sayar wa yau ne.

To me ya sa suka matsa lamba yanzu? Kasuwar gida ce ta yi sanyi. Shekaru goma zuwa goma sha biyar da suka wuce an yi ta gina wuraren wasa a Sin kamar ba gobe, da yawansu a matsayin ado ga rukunin gidajen sayarwa. Lokacin da ake shirin buɗe Disneyland ta Shanghai a watan Yunin 2016, attajirin nan Wang Jianlin na kamfanin Wanda ya bugi ƙirji ya ce damisa ɗaya ba ta iya ja da garken kyarketai, yana nufin wuraren wasan da zai baza a faɗin ƙasar. Shekara guda bayan haka ya sayar wa kamfanin Sunac manyan ayyukansa 13 na yawon buɗe ido. Kamfanin gine-gine na Evergrande, da ya yi alƙawarin jerin wuraren wasan yara, bashi ya durƙusar da shi, har kotun Hong Kong ta ba da umarnin sayar da kadarorinsa a watan Janairun 2024. Masana'antun da aka faɗaɗa domin waccan bunƙasa suna nan da ma'aikatansu da injinansu, dole su nemi inda za su kai kaya.

Adalci ne kuma a faɗi cewa Jinma na yau ya wuce Golden Horse na shekarun baya. Ya shiga kasuwar hannun jari ta Shenzhen a 2018, yana zana jiragensa na kansa, har da masu harba fasinja da ƙarfin maganaɗisu. Da Universal ya buɗe wurinsa na Beijing a watan Satumban 2021, akwai ƙaramin jirgin iyali ƙirar Jinma a ɓangaren Minions. Jirgin ƙarami ne, amma Universal ba ya wasa da sunansa, kuma duk wanda ya tsallake bincikensa ya koyi darasin da babu makarantar da ke koyar da shi. Kamfanin ya kuma kafa reshe a Suwizalan mai suna Noble Rides domin ya kusanci masu saye na Turai. Wannan alama ce ta cewa sun gane inda gizo ke saƙa.

Maganar hatsari ma tana buƙatar a yi ta da gaskiya. A watan Yunin 2010 mutum shida suka rasu a wani lilo na OCT East a Shenzhen, kuma irin wannan labari ba ya goguwa da wuri. Amma Turawa ba su da bakin cewa nasu hannun tsarkakakke ne. A Alton Towers ta Ingila, ranar 2 ga Yunin 2015, jirgin Smiler ƙirar Jamus ya afka wa wani jirgin da ke tsaye a kan dogo, 'yan mata biyu suka rasa ƙafa, kotu ta ci kamfanin Merlin tarar fam miliyan 5 saboda sakacin gudanarwa. A Dreamworld ta Ostareliya mutum huɗu suka mutu a 2016. Zamperla da kansa, da ya karɓi aikin sabunta wani tsohon jirgi ya zama Top Thrill 2 a wurin wasa na Cedar Point a Amurka, jirgin ya yi 'yan kwanaki yana aiki a watan Mayun 2024 sai aka rufe shi har ƙarshen kakar. Abin da waɗannan ke nunawa shi ne ƙarfe bai san fasfo ba. Lafiyar jirgi tana rataye ne a kan zane, da walda, da mai dubawa kowace safiya.

A nan ne na raba gari da masu son a rufe ƙofa da sunan ƙasa. Turai tana da ƙa'idar ingancin lilo ta EN 13814, Amurka tana da ƙa'idojin kwamitin ASTM F24, akwai kuma masu bincike masu zaman kansu irin su TÜV na Jamus da ba sa sa hannu sai sun ga lissafi sun ga gwaji. Ma'auni ke nan, kuma mai tsauri ne. Duk jirgin da ya tsallake shi ya cancanci a saya, ko a Zhongshan aka ƙera shi ko a Waldkirch. Abin da ke faruwa a Amurka ya fi kama da siyasa. Tun 2018 ake ɗora wa kayan Sin ƙarin harajin shigo da kaya, a watan Afrilun 2025 har ya kai kashi 145 cikin 100 kafin a sassauta a watan Mayu. Aikin da ake ɗaukar shekara biyu ko uku daga sa hannu zuwa buɗewa, wa zai ƙulla shi alhali bai san harajin da zai tarar a tashar jirgin ruwa ba? Na fahimci fargabar da ake yi kan kayan sadarwa, inda ake tsoron leƙen asiri. Ban ga sirrin ƙasa da ke cikin lilon yara ba.

Sai dai ko da an cire harajin gobe, tarihi bai nuna hanyar tana da sauƙi ba. Kamfanin jiragen ƙasa na Sin da yanzu ake kira CRRC ya ci kwangilar taragon birnin Boston a 2014 da farashi mai rahusa, ya gina masana'anta a Springfield, amma jinkiri da ƙorafin inganci suka bi aikin shekara da shekaru, kuma duk mai adawa da kayan Sin a Amurka ya samu abin nunawa. A fannin lilo kuwa Japanawa sun riga su shan wannan ruwa. Kamfanin Togo ya shiga Amurka da jiragensa, rikicin kotu da wurin wasa na Knott's Berry Farm ya biyo baya, reshensa na Amurka ya durƙushe a 2001. Wani kamfanin Japan ɗin, Sansei, sai ya bi ta wata hanya: ya sayi S&S na Amurka a 2012, ya sayi Vekoma a 2018, ya bar musu sunansu da injiniyoyinsu. Yau mai hawa jirgin Vekoma a Disney bai damu da cewa mamallakinsa yana Osaka ba. Geely ma haka ya yi da motocin Volvo a 2010. Ko gwamnatocin Turai za su bar kamfanin Sin ya sayi ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen nan a yanayin da ake ciki, ina shakka. Hanyar da ta rage ita ce ta sannu: ƙananan jirage a ƙananan wuraren wasa na iyali, ma'ajiyar kayan gyara a cikin Turai, injiniyan da ke ɗaga waya da tsakar dare, da shekara goma ko ashirin ba tare da mummunan labari ba.

Dalilin da ya sa nake fatan su bi wannan hanya har su ci nasara yana da alaƙa da mu. Duk wanda ya taɓa sayen kayan Chana a kasuwa ya san suna hawa-hawa, gwargwadon kuɗinka gwargwadon ingancin da za a ba ka. Ƙasashen da ba su da kuɗin sayen Mack ko Intamin wajen Sinawa suke zuwa, kuma ba kowace ce ke da mai bincike irin TÜV da zai tsaya a kansu ba. Masana'antar da ta saba aiki a ƙarƙashin idon mai binciken Jamus, wadda ta san walda ɗaya mara kyau za ta iya jawo mata asarar kasuwar nahiya guda, da wuya ta koma tsohon halinta in oda ta zo daga Afirka. Mai saye na nan ma zai samu abin riƙewa: ya ce a ba shi irin wanda aka kai Turai, da takardar gwajinsa, da jadawalin sauya kayan gyara. Ranar Sallah yara kan yi dogon layi a wuraren wasa na Kano da Kaduna da Abuja da Yamai, iyaye na tsaye a bayan shinge suna ɗaga musu hannu, kuma kaɗan ne daga cikinsu suka taɓa tambayar wanda ya ƙera lilon ko ranar da aka duba notinsa na ƙarshe.