Mr Bean ba dolo ba ne

Na gaji da jin ana cewa Mr Bean dolo ne na gaske, wai ko a gida haka yake. Ban ga laifin masu faɗa ba, tunda a shirin da ƙyar yake furta kalma, sai zare ido da murguɗa baki.

Sunansa na gaskiya Rowan Atkinson, an haife shi a Ingila a 1955. Injiniyancin lantarki ya karanta a Newcastle, ya yi digiri na biyu a Oxford, kuma yana ɗalibi yake hawa dandali. Wautar nan zama ake a tsara ta. Wanda ya kalli Blackadder, wani shirinsa na barkwanci da aka fara a 1983, zai gan shi da baki kamar reza, yana yaɓa wa manya magana.