Hajiya ta Riga Turawa

Bakano: Malam, shayinka ya huce, ka kafa wa waya ido. Bazazzagi da karatun da ba ya kawo ko sisi!

Bazazzagi: Alhaji, ba komai ake aunawa da yadi ba, nan ba Kantin Kwari ba ne. Wata masaniya ce a Amurka, Sukanya Chakrabarti. A 2009 ita da Leo Blitz suka ce akwai wani ɗan gungun taurari laɓe kusa da namu, wato gungun da duniyarmu ke ciki, alhali ba wanda ya taɓa ganinsa.

Bakano: Da aljanu take aiki?

Bazazzagi: Da lissafi. Yawancin jikinsa wani abu ne da ba ya haske, sai nauyi kawai. Kusan kashi 85 cikin 100 na kayan da ke sararin samaniya irinsa ne.

Bakano: To wa ya tsegunta mata?

Bazazzagi: Iska. A bakin gungunmu akwai iskar haidirojin shimfiɗe har gaba da inda taurari suka ƙare, ana kama siginarta da na'urar rediyo. Iskar nan ta lanƙwashe, ta yi tudu da kwari. Sai ta ce lallai wani mai nauyi ya ratsa ya ja ta. Kwamfuta ta ba ta nisansa da nauyinsa, kusan ɗaya bisa ɗari na namu.

Bakano: Kai, shaci-faɗi!

Bazazzagi: Ta gwada a kan gungun M51, wanda ake ganin maƙwabcinsa ƙuru-ƙuru, lissafin ya faɗa daidai.

Bakano: Inna lillahi! Ashe ilimi ne Hajiya ta yi mini.

Bazazzagi: Wace Hajiya?

Bakano: Uwargida. Bara na ɗaura aure a ɓoye, ko direbana bai sani ba. Ba ta ga amarya ba, kuɗin cefane ta ga ya lanƙwashe ranar Talata da Juma'a. Ta duba man mota, ta ce Hotoro ce. Ta duba yadin leshin da ya ɓace a shago, ta ce kuma mai jiki ce.

Bazazzagi: Ta ci?

Bakano: Har lambar gida. Su naku masanan sun kama gungun nasu?

Bazazzagi: A 2018 bayanan kumbon Gaia suka fito da wani gungu mai dishi-dishi, Antlia 2. Ita ta ce shi ne, wasu na musu.

Bakano: Shekara tara, kuma ana musu? Hajiya mako biyu ta yi, ko kwamfuta ba ta da ita.

Bazazzagi: Ba ni lambarta in tura wa masanan.

Bakano: Rufa mini asiri, Malam! In ta samu kwamfuta, ta Fagge ma ta shiga uku.