Neman Mari a Tudun Jukun

A wurin ɗaukar fim kowa yana da mai yi masa fadanci in ban da mai sauti. Mai kyamara ana riƙe masa lema, jaruma ana yi mata fifita, darakta ko tari ya yi sai an ce sannu. Ni nawa aikin shi ne in tsaya a gefe da doguwar sanda a saman kaina har kafaɗa ta sage, ina roƙon Musulmi su yi shiru. Wani ƙaramin kamfani nake yi wa, masu ɗora fim mai dogon zango a YouTube.

Abin da ya sa mutane ke raina aikin shi ne kunne yana da kara, makirufo ba shi da ita. Kana hira da abokinka a Kwangila, tireloli na wucewa, amma kunnenka zai tsamo maka muryarsa ya watsar da sauran. Makirufo kuwa duk abin da ya gifta sai ya kwasa, kuma ba ya sanin wane ne jarumi wane ne akuya.

Fitowar da ta jawo mini magana a wani gida muka ɗauke ta a Hanwa, cikin hunturu. Mugun miji ne zai mari matarsa, ta zube ƙasa tana cewa, "Wayyo Malam, ka yi mini rai!" Shi marin ba na gaske ba ne. Hannu yana wucewa ta gaban fuska, kyamara tana bayan kafaɗarsa, jaruma ta kawar da kai, ƙarar kuma daga baya ake sa ta. Maganarta ce kawai nake bukata ta fito fes.

To, wanda ya san wannan ɓangaren na Zariya ya san sama ma ba ta zama shiru. Tun 1964 ake koyar da tuƙin jirgin sama a garin, saboda haka ba ni da bakin ƙorafi, sun riga ni zuwa. Sai dai mai koyon tashi da sauka ba wucewa yake yi ya tafi ba, zagayawa yake yi ya dawo. Darakta zai ce "Akshin!", jaruma ta tattaro hawayenta, ta buɗe baki, sai ka ji ɗan jirgi ya taho. Mu jira ya wuce. Yana wucewa injin markaɗen maƙwabta ya karɓa. Aka tura yaro da ɗan abin goro aka roƙi mai injin, tana kashewa mai sayen tsofaffin ƙarafuna ya shigo layin da kirarinsa. Iskar hunturu kuma ta sa na rufa wa makirufo rigarsa mai gashi, wadda ke hana iska bugun bakinsa, sai yaran unguwa suka hau katanga suna shelar an zo da gafiya a kan sanda.

Akwai wani abu da kowane mai sauti ke roƙa kafin a tashi: kowa ya tsaya cik na daƙiƙa 30 a ɗauki shirun ɗakin. Kowane ɗaki da irin shirunsa, kuma da shi edita ke cike giɓin da ke tsakanin maganganu, in ba haka ba mai kallo zai ji sauti yana ɗaukewa yana dawowa. Na roƙa, aka tsaya. Ba a kai rabi ba cikin mai riƙe fitila ya yi ƙugi, jaruma ta fashe da dariya, darakta ya ce rana za ta faɗi.

"Za ka gyara a kwamfuta," in ji shi.

Wannan maganar ita ce addu'ar rufe taro a kowane lokeshan. Kwamfuta tana da abin da take iyawa. Gunjin wutar lantarki, da yake a wuri ɗaya yake tsayawa, bugu 50 a daƙiƙa a ƙasar nan, ana iya nemo shi a yanke. Jirgi kuwa ƙararsa tana hawa tana sauka, kuma a kan muryar mutum take zama. Da na matsa na cire shi, sai jaruma ta koma kamar mai magana daga cikin tulu. Dole a sake ɗaukar maganar. Ita kuma ta koma Kano, furodusa ya ce kuɗin motarta ba ya cikin lissafi.

Nan na tuna muryar maiɗakina ta yi kusa da tata. Muka yi ciniki a kan turmin atamfa ɗaya.

Gidan haya muke a Tudun Jukun, ɗakinmu yana jikin na wata dattijuwa da kowa ke kira Inna. A unguwar Malam ake ce mini, saboda na taɓa koyar da yara lissafi. A lokacin ban kawo wannan a raina ba.

Garin ba ya lafawa sai bayan ƙarfe ɗayan dare, in janareta na ƙarshe ya mutu. Shi ne lokacin aikinmu. Ɗakin siminti yana amsa kuwwa, don haka na jingina katifa da ƙofa, na toshe taga da bargo biyu, na shimfiɗa darduma. Na zana mata wurin tsayuwa da alli, domin in ta ja baya har nisanta da makirufo ya ninka, ƙarfin muryar zai ragu da desibel 6, wato ma'aunin ƙarfin sauti, a ji kamar mutum biyu ne suka yi maganar. Wahalar kuma ba ta kukan ba ce, ta dacewa da leɓe ce. Hoto 25 ke wucewa a daƙiƙa ɗaya, in magana ta yi lattin biyu ko uku ido zai kama. Sai ta ce "Wayyo Malam", in duba, in ce a sake. Ta sake, in ce "rai" ɗin ya riga bakin jarumar rufewa. Kuma da yake masu kallonmu ba da abin kunne suke kallo ba, in na haɗa sai na kunna a lasifika in ji yadda zai fita.

Sai marin kansa. Wannan sana'a ta ƙirƙirar ƙara da hannu tana da tarihi. Wani Ba'amurke, Jack Foley, ya yi suna da ita a kamfanin Universal tun ƙarshen shekarun 1920, lokacin da fina-finai suka fara magana, har yau da sunansa ake kiran aikin. Masu yin ta da ɓawon kwakwa suke yin takun doki, karyewar ƙashi kuma da karan ganyen seleri. Na ce in dai haka ne, mari ba zai gagare ni ba.

Na fara da tafi. Ya fito a tafinsa, ko yaro zai gane. Na gwada cinyata, wando ya cinye kaifin ƙarar, da na naɗe wandon kuma maiɗakina ta kasa kuka saboda dariya. Silifas a siminti ya yi kaifi da yawa. Kabewa ta yi zurfi, sai ka ce ganga aka mara. Daga ƙarshe na ce fuska dai nama ce, na nufi kasuwar Tudun Wada.

Na tsaya gaban teburin mahauci ina bin tsoka ɗaya bayan ɗaya, in ɗan kwaɗa mata tafin hannu in kasa kunne. Ya zuba mini ido har na kai ta huɗu.

"Malam, ci za ka yi ko hukunci?"

Tsokar cinya marar ƙashi ita ta fi, musamman in an yayyafa mata ruwa. Matsalarta ɗaya, ba ta kwana. Ba wuta, ba firji, washegari sai tukunya, ni kuma in koma kasuwa. Gidanmu bai taɓa cin nama a jere irin na makon nan ba, har Inna ana miƙa mata a kwano.

Yanzu ka tsaya a tsakar gida ka ji abin da maƙwabta ke ji. Mutum ya toshe tagarsa, ya tokare ƙofa. Tsakar dare sai tas! Sai muryar matarsa, "Wayyo Malam, ka yi mini rai!" Sai muryarsa a natse, "Bai yi ba. Koma wurinki, a sake." Da safe ta fito ido a kumbure, murya a dishe, shi kuma ya dawo da ledar nama.

Na lura gaisuwa ta fara gajarta a layinmu. Mai shayi da ke ƙara mini madara ya daina. Wata asuba liman ya juyo bayan sallama ya yi nasiha a kan tsoron Allah game da mata, kuma duk faɗin masallacin sahun da nake ya fi jan idonsa. Na gyaɗa kai sosai, har na ce a raina Allah ya shiryi ko wane ne.

Ita ma Inna ta ja maiɗakina gefe ta ba ta man zafi, ta ce, "'Yar nan, har yaushe za ki yi ta jure wannan?"

"Wallahi Inna na gaji," in ji ta. "Amma ya ce ba zai bari ba sai ya ji ta fita daidai. Kuma ya yi mini alkawarin atamfa."

Inna ta yi salati ta ɗauki mayafi. Ba ta zame ko'ina ba sai gidan Mai unguwa, daga can aka aika wa yayan maiɗakina, mutumin da sana'arsa hatsi ce, buhun masara shi kaɗai yake ɗora shi a mota.

Daren nan komai ya zauna mini. Iska ta kwanta, karnuka sun yi barci, naman sabo ne. Na saita na'ura yadda ƙara mafi ƙarfi za ta tsaya wajen desibel 12 ƙasa da sifili, don in ta haura sifili sauti ya fashe ke nan, ba mai ɗinke shi. Na danna ɗauka. Na ɗaga hannu, tas! Ta ce, "Wayyo Malam, ka yi mini rai!" da wata irin murya da ta sa ni kaina na ji tausayinta. Sai na ji motsi a waje. Na zame abin kunne daga ɓangaren hagu don in saurara, wato da hannuna na share masa fili.

Katifa ta faɗo, ƙofa ta biyo ta. Ban ga fuska ba, hasken tocila kawai na gani, sai wani hasken da ya fi shi, wanda daga cikin kaina ya taso. Yaya bai yi sallama ba.

Abin da ya biyo baya shi ne shirun da na yi ta bara a Hanwa ban samu ba. Mutum shida a ɗaki, ba mai ko numfashi. Tocila ta sauka a kan maiɗakina, tana tsaye cikin da'irar alli, takarda a hannu ɗaya, kofin ruwan citta a ɗayan. Ta dawo kaina, ina dafe da kunci, gabana tire, a kan tiren tsokar cinyar saniya.

Mai unguwa ya gyara murya.

"Malam, wa kake duka a ɗakin nan?"

"Ranka ya daɗe, nama."

"Nama."

"Shi ne, ranka ya daɗe."

Bayani da baki bai shiga ba, sai da na kunna musu hoton. Suka ga jaruma ta buɗe baki muryar 'yar gidansu ta fito. Mai unguwa ya ce a maimaita. Ya sa na mari naman a gabansa, ya dubi allo, ya dubi naman, ya ce lallai zamani ya zo da abubuwa. Inna ba fim ɗin ne ya dame ta ba. Ta nuna tiren da bakin tocila ta ce, "Ɗan nan, wannan ne kuke ba ni a miya?" Na ce shi ne, Inna. Ta ce shi ya sa yake da laushi.

Yaya dai har aka watse bai ce a yi haƙuri ba. Iyakar abin da ya ce, yana kallon rufin ɗaki, shi ne, "Ai da ka yi bayani." Na ce, "Yaya, da aka ba ni dama." Mai unguwa ya yanke hukunci cewa daga ranar duk wani mari, na mutum ko na dabba, a gama shi kafin sallar isha'i. Gyaran ƙofa kuma a kaina, tunda ni na tokare ta.

Sai da gari ya waye, kunne ɗaya yana ta kiɗansa, na tuna ban kashe na'ura ba. Na buɗe. Ga shi nan a allo, tsini ɗaya tsaf, bai taɓa sifili ba, ba jirgi, ba akuya. Yana da kaifin da tafi ke da shi, yana da nauyin da na nema a kabewa, a bayansa kuma ga shiru mai tsabta da ya ishi edita har ya yi kyauta. Na yanke "wayyo" ɗin da ya biyo baya, domin wannan muryata ce, na ɗora marin a kan hannun jarumi.

Darakta ya saurara ya miƙe tsaye.

"Wannan shi ne mari! Da me ka yi shi?"

Na ce sirrin sana'a ne. Ya ce to madalla, in riƙe sirrin da kyau, domin a kashi na gaba akwai guda uku, ɗaya ma da bayan hannu, kuma kada in maimaita wannan ɗin, masu kallo suna ganewa.

Ban san wanda ya kai wa Yaya labari ba, ko da yake atamfar ba ta fito ba tukuna. Jiya ya kira ni a waya, ya tambayi lafiyar yara, ya ce Asabar ba ya zuwa kasuwa, kuma tsakanina da shi babu zancen kuɗi.