Mu takwas ne, jirgin kuma huɗu-huɗu ya iya ƙirga

Wai ni wa ya yanke hukuncin cewa iyali mutum huɗu ne? Abin da ke cina kenan tun lokacin da muka tashi yankar tikitin jirgin ruwan shaƙatawa, irin manyan nan da ke tashi daga Southampton a kudancin Ingila su yi mako guda suna zagaya gaɓar Norway su dawo. Mu takwas ne, ni da uwargida da yara biyar da Hajiya mahaifiyarta da ke zaune tare da mu. Na shiga shafin kamfanin ina danna adadin mutane, ina kaiwa huɗu abin ya cije, sai ga wani ɗan rubutu wai in mun fi haka mu buga waya. Na buga. Baturiyar da ta ɗauka tana da kirki ba laifi, amma da na gama jero mata shekarun yaran sai ta ɗan yi shiru ta ce, "Yallaɓai, gida biyu ne za ku haɗu ku tafi tare?" Na ce a'a, gida ɗaya ne. Ta ce, "Kai! Duk naka ne?" tana 'yar dariya. Na san ba da mugun nufi ta faɗa ba, amma wallahi ta sosa min rai, don ku da ke gida kun san yara biyar ba abin da za a ɗaga kai a kalle ka a kai ba ne, ba sai na yi dogon bayani ba.

Bari in kwatanta muku ɗakin tukuna don ku gane inda matsalar take. Ɗakunan jirgin kala huɗu ne. Akwai na ciki wanda ba shi da taga ko ɗaya, in ka kashe fitila ba ka san rana ta fito ba sai ka duba agogo, shi ne mafi araha. Akwai mai taga wadda ba ta buɗuwa, gilashi ne mai kauri kawai ka leƙa ruwa. Akwai mai baranda, ƙofar gilashi ka ja ka fita ka tarar da kujeru biyu da ɗan tebur, sannan akwai na manya mai falo. Ɗakin da yawancin mutane ke kamawa faɗinsa murabba'in mita 14 zuwa 18 ne, har da banɗakin a ciki. Gado biyu ne ƙanana da za a iya haɗe su su zama ɗaya, mutum na uku kujerar zama ake warewa ta zama gadonsa, na huɗu kuwa gadonsa a silin yake a ɓoye ko a jikin bango, da yamma ma'aikacin ɗaki zai zo da makulli ya sauko da shi ya jingina tsani, da safe ya mayar. In an sauko da komai babu wurin da za ka shimfiɗa ƙafa, akwatuna sai a ƙarƙashin gado. Banɗakin kuma in kana wanka gwiwar hannunka na bugun bango, masan da iska yake zuƙa ba da ruwa mai yawa ba, in aka danna da tsakar dare kowa sai ya farka. Toh a nan ne ake so mutum huɗu su yi mako guda, kuma shi ne iyaka, jirage kaɗan ne ke da ɗakuna masu ɗaukar biyar ko shida kuma su ake fara cinyewa tun shekara guda kafin tafiya.

Na ce wa Baturiyar nan ai autarmu jaririya ce, a jikin uwarta take kwana, a cire ta daga lissafi. Ta ce ba zai yiwu ba, jariri ma rai ne guda a takarda, kuma ma sai ya kai wata 6 ake barinsa ya hau, in doguwar tafiya ce ta tsallaka teku sai ya shekara. A nan kam dole in sara musu, don ba gado suke ƙirgawa ba, kujerar kwale-kwalen ceto suke ƙirgawa. Titanic da ya nutse a 1912 yana ɗauke da mutum sama da 2,200 amma kwale-kwalensa 20 ne kacal masu ɗaukar mutum 1,178, sama da 1,500 suka mutu, daga nan aka yi yarjejeniyar kare rayuka a teku ta SOLAS a 1914, wadda ake aiki da ita yanzu kuma ta 1974 ce. Kowane ɗaki an rubuta masa wurin taruwarsa in wani abu ya faru, yana jikin katin buɗe ɗakinka da bayan ƙofa, ƙananan yara har abin hannu ake ɗaura musu mai lambar wurin. Bayan jirgin shaƙatawa Costa Concordia ya kife kusa da tsibirin Giglio na Italiya a Janairun 2012, mutum 32 suka rasu, alhali wasu fasinjojin da suka hau a ranar ba a ma nuna musu inda za su taru ba, sai aka tsaurara doka cewa a yi atisayen taruwar kafin jirgi ya tashi ko yana tashi. Ba alfarma, ba a yi haƙuri a matsa a ɗan ƙara mutum ɗaya, ko kai waye. Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari, kuma na so a ce mu ma haka muke ɗaukar rai.

Amma kwale-kwale bai hana a gina ɗakin mutum shida da yawa ba, zaɓi ne suka yi, sun zauna sun zana jirgi da mata da miji da yara biyu a ransu. Kuma dubi yadda kuɗin yake tafiya. A kowane ɗaki mutum biyun farko su ke biyan cikakken kuɗi, na uku da na huɗu ana yi musu ragi sosai, wani lokacin ma a ce yara kyauta sai haraji. Kenan mai yara biyu cikakken tikiti biyu zai biya, mai yara uku kuwa da zarar an ce ya kama ɗaki na biyu ya koma cikakken tikiti huɗu, saboda yaro ɗaya tak. Ga kuma kuɗin ihsanin ma'aikata da kamfanonin Amurka ke ɗorawa a kan kowane kai kullum, kusan dala 16 zuwa 20, ka lissafa mutum bakwai, ban da jaririya, a dare bakwai ka ga ya doshi dala 900 ba ka sha ko ruwa ba, gara wasu kamfanonin nan Ingila da ke haɗa shi cikin tikiti. Za su ce maka ai akwai ɗakin manyan iyalai. Eh akwai. Jirgin Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean da ya fara aiki daga Miami a Janairun 2024, wanda ke iya ɗaukar fasinja har 7,600, yana da wani gida mai hawa uku a cikinsa na mutum takwas cif, har da sulu na yara daga sama zuwa falo, daidai mu kenan, sai dai kuɗinsa na mako dala dubu gommai ne kuma guda ɗaya ne a duk jirgin. A wurinsu mai yara da yawa ko dai attajiri ne ko kuma ya san ta kansa.

Don haka shawarata ga duk mai irin yawanmu, ya manta da babban ɗaki, ya nemi ɗakuna biyu masu ƙofa a tsakani. Kuma a kula da kyau, ɗakuna biyu da ke maƙwabtaka daban, masu ƙofar ciki daban, ejan zai iya ce maka suna kusa da juna ka ɗauka an gama, ashe sai ka fita farfajiya da kati kafin ka shiga wajen yaranka. Ka buɗe taswirar hawan da kanka, masu ƙofar ciki ana sa musu wata 'yar alama, ka karɓi lambobin ɗakunan a rubuce. Ɗaki biyu na nufin banɗaki biyu, kuma duk wanda ya taɓa shirya yara da safe ya san wannan kaɗai ya isa dalili, kamfanin jiragen ruwa na Disney ma saboda haka ne ya raba banɗakin yawancin ɗakunansa gida biyu, wanka daban masai daban. Akwai wani tikiti mai araha da suke cewa na garanti, ka biya kalar ɗaki su kuma su zaɓa maka duk inda ya rage, mutum biyu ba ruwansu, amma mai iyali in ya taɓa shi zai iya tsintar kansa a hawa na 5 gaba yaransa a hawa na 11 baya, a jirgin da tsawonsa ya haura mita 300, kuma wurin taruwarku ma ya bambanta, ranar tashin hankali uwa na nan 'ya'ya na can.

Wasu suna yin wata dabara, iyaye su kama mai baranda yara su kama na ciki da ke kallonsa a ɗaya gefen farfajiyar, ya fi araha kuma in yaran sun girma ba laifi. Sai dai yawancin kamfanoni ba sa yarda a rubuta ƙananan yara su kaɗai a ɗaki sai in yana manne da na iyayen ko yana kallonsa, wasu ma sai an sa babba a kowane ɗaki, shi ya sa za ka ga an rubuta uba a nan uwa a can, in an shiga jirgi a je teburin baƙi a karɓi ƙarin kati. Mu dai baranda ba ta shiga lissafinmu ba sam, ina da ɗan shekara 6 da ba abin da bai hawa, duk tsawon ƙarfen nan in ya jawo kujera magana ta ƙare. Saboda Hajiya kuma muka nemi tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa-ƙasa kusa da lif, don nan ne ba a cika jin tangaɗi ba, gaba da sama su suka fi lilo, Tekun Arewa kuma ba ya wasa in iska ta taso. Ka duba abin da ke samanka da ƙasanka ma, in wurin ninkaya ne tun asuba za ka ji ana jan kujeru, in gidan rawa ne sai ƙarfe biyun dare.

Rabon ya zo da sauƙi, mata a ɗaya maza a ɗaya. Hajiya da uwargida a gadajen ƙasa, jaririya a ɗan gadonta da suka kawo wanda ya cinye sauran filin, babbar 'yata mai shekara 16 a gadon sama, ni da samari uku a ɗayan, ƙofar tsakiya a buɗe sai lokacin barci. Hutu ne da na biya kuɗi mai yawa don in kwana da masu harbi da ƙafa, amma ban damu ba, ni hayaniyar ma daɗi take min, na daɗe ban ji gida ya cika haka ba ko da a kan ruwa ne, don a gidanmu na nan kowa yana dawowa makaranta sai ya haye sama ya turo ƙofa.

Wadda ta damu ita ce babbar. Tun kafin mu tafi ta same ni ta ce, "Baba, don Allah ba za a kama min nawa ɗakin ba ko na cikin ne? Ƙawayena duk haka ake musu." Na ce ke da kakarki da mamanki ne fa, wa zai cinye ki a ciki? Ta ce ba haka ba ne, ita dai tana son inda za ta zauna ita kaɗai. Kuma fa yarinyar kirki ce, ita ke riƙe hannun Hajiya a doguwar farfajiyar nan mai kafet da ƙofofi ɗaruruwa iri ɗaya, kowace da lambarta da ramin katinta, kowace a rufe, in ka wuce da dare ba ka jin motsin kowa sai ƙugin inji, mutum dubbai a wuri ɗaya amma za ka yi mako ba ka san sunan na kusa da kai ba. Na tsaya ina kallon wani dattijo Bature da ke ɗakin da ke kallon namu, shi kaɗai ya zo, ya biya kusan kuɗin mutum biyu don haka dokar take in kai kaɗai ne a ɗaki, kullum da safe zai tsaya ya yi wa yarana wasa ya ce mun yi sa'a, 'ya'yansa biyu suna nan da rai ɗaya a Ostireliya ɗaya a Landan. Na san za a ce ai shi ma yana jin daɗinsa, kuma wataƙila gaskiya ne, ba wanda ke takura masa, ba mai taɓa masa kaya, yana da 'yancin da ni ban taɓa samu ba. Ni dai ba na so in zama shi, kuma abin da ke ba ni tsoro shi ne yaran da nake tarbiyya a ƙasar nan a wannan lissafin suke tashi, ɗaki ɗaya mutum ɗaya, kati ɗaya, in an ce su takwas ne su ma sai su ji kunya su yi 'yar dariya.

Bangon ɗakunan ƙarfe ne, maganaɗisu na kama shi, sai babbar 'yata ta sayo ƙugiyoyi masu maganaɗisu ta manna a silin ta rataya mayafi ta zagaye gadon saman nan, ta shige da wayarta da abin kunne. Hajiya ta ɗaga kai ta ce, "Ke 'yar nan, lafiya? Ko ba ki da lafiya ne?" ta ce lafiya lau Hajiya, hutawa nake. Uwarta ta ce in ƙyale ta ƙuruciya ce, kowa ya yi. Da muka dawo na ji tana gaya wa ƙaninta wai in ta fara aiki za ta sake hawa jirgin nan ta kama mai baranda ita kaɗai ko nawa ne, shi kuma wai yana roƙonta ta bar masa kujerar.