Don Allah ku daina kirana Matar Ambasada

Wallahi na gaji! Tunda aka ɗauki maigidana aiki a ma'aikatar harkokin waje wayata ba ta huta ba, ko wata 6 bai cika ba, yana Abuja ana koya musu aiki ni ina nan Birnin Kebbi da yara, amma kowa Matar Ambasada yake ce min. Ambasadan ina? Gwaggo ta bugo daga Jega tun asuba wai a samo mata bizar Umara, Kawu na Argungu ya aiko ɗansa da fasfo cikin leda wai Dubai za shi, har mai markaɗen unguwarmu ta ƙara min kuɗi wai ai dala muke ci! Wace dala? Albashinsa naira ne, hayar Abuja kaɗai ta ishe shi. Na yi bayani har yawuna ya ƙafe cewa biza ofishin jakadancin ƙasar da za ka ne ke bayarwa ba mijina ba, sai a ce rowa gare ni. Jiya ma a gidan suna wata ta ja ni gefe wai in za mu Faransa in tafi da 'yarta ta riƙa min raino, haba jama'a wace Faransa kuma?