Ba Kowane Aiki Hutun Makaranta Ke Buɗewa a Ingila Ba

A Samaru, iyaye da dama masu 'ya'yan da suka gama Jami'ar Ahmadu Bello suka tafi Ingila digiri na biyu suna ɗauka cewa hutu na zuwa, yaro zai kama duk aikin da ya samu. Wannan fahimta tana damuna, domin tana iya jawo soke biza.

Ɗalibin digiri yana da izinin aikin awa 20 a mako lokacin karatu, cikakken aiki kuwa sai a hutun da jami'arsa ta ayyana. Watannin rubuta kundin kammalawa galibi ba a lissafa su hutu. Sana'ar kai, kamar kai saƙon abinci ba tare da zama ma'aikacin kamfani ba, haramun ce gare shi ko a hutu.